Yadda Ake Nema wa Tsohon Zomo Sabon Gida a Ingila

A gidajen ceton dabbobi na Ingila, ɗan zomo mai wata uku ba ya daɗewa. Hotonsa na hawa intanet waya za ta fara ƙara. Wanda ya haura shekara biyar kuwa sai ya ga zafi ya wuce, hunturu ya shigo ya fita, yana nan a ɗaki ɗaya, maƙwabtansa na ta sauyawa. Ina aikin sa kai a wata 'yar ƙaramar cibiya a arewacin ƙasar, ɗakin baya na gidana kuma ya zama masaukin irin waɗannan tsofaffi da ake ba ni riƙo kafin a samu mai ɗauka. Iya abin da na gani, tausayi bai cika fitar da tsohon zomo daga cibiya ba. Abu biyu ke fitar da shi: takarda mai faɗin gaskiya a kan lafiyarsa, da sanin ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu mazauna nan da ke kirana, kusan kullum da magana iri ɗaya: "Anti, yaran da suka dame mu sai an sayo zomo sun tafi jami'a, ga shi za mu tashi, mai sabon gidan kuma ya ce ban da dabba." Na san mai karatu a Kano ko Maraɗi zai yi murmushi, don a gida zomon da ya kai shekara biyar da sa'a ya tsallake tukunya. Nan kuwa ana lissafa shi na uku a dabbobin da ake zama da su, bayan kare da kyanwa, ƙungiyar PDSA mai kula da lafiyar dabbobi ma ta sha ƙiyasta yawansu a kusan miliyan ɗaya. Akwai kuma doka. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila da Wels ta ɗora wa mai dabba nauyin muhallinta, abincinta, lafiyarta, damar yin ɗabi'arta, da zama da irinta idan mai son zaman tare ce. Saboda haka wanda ya ce maka ka kai shi filin shaƙatawa da daddare ka sake shi ya ba ka shawarar laifi. Zomon gida bai san gudun dila ba.

Zomo mai samun kulawa yana kai shekara 8 zuwa 12. Manyan iri, waɗanda ake ce wa ƙattin nahiyar Turai, suna tsufa da wuri, tun wajen shekara huɗu ko biyar. Ƙananan iri kuwa sai su kai takwas suna tsalle kan kujera. Ka ga ke nan zomanya mai shekara shida tana iya samun wasu shekaru huɗu ko fiye a gaba, kuma wannan ne abu na farko da mai nema ba ya sani. Yana jin "shida" sai ya hango kabari da takardar kuɗin likita. Tsoron kuɗin nan ba na banza ba ne, domin kamfanonin inshora da yawa suna da iyakar shekarun da suke karɓar sabon zomo, kuma ba sa biyan ciwon da aka riga aka sani. Ga cibiyoyi a cike tun bayan kullen korona na 2020, lokacin da mutane suka yi ta sayen dabbobi, da tsadar rayuwar da ta biyo baya. Idan ka kira wata cibiya aka ce a sa ka a layin jira, ba wulaƙanci ba ne. Ka sa sunanka a wurare da yawa, ka kuma fara aikin da kanka tun yau.

Likita kafin talla

Kada ka ɗauki hoto ko ɗaya sai ka kai shi wurin likitan dabbobi, wanda ya san zomo. Ba kowane ba ne ya sani. Akwai masu ganin karnuka da kyanwoyi duk wuni. Ƙungiyar RWAF, mai fafutukar jin daɗin zomaye, tana da jerin asibitocin da ta amince da su a shafinta.

Ka ce a duba haƙora, musamman turamen can ciki. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar busasshiyar ciyawa ce ke goge su. Wanda aka rena da abinci mai kala-kala irin na hatsi da busassun 'ya'yan itace, turamensa kan yi tsini su yanki harshe ko kunci. Alamar ita ce yawu a haɓa, ido mai hawaye, ko ya zo wurin abinci da zumuɗi ya ɗauka ya yar. A ɗora shi a sikeli a rubuta awon. A duba tafin ƙafafun baya ko gashin ya zube fatar ta yi ja. A ɗaga wutsiya a duba ƙarƙashi, don nan ne tsufa ke fara nuna kansa: zomo yana yin wani kashi mai laushi da yake lanƙwasawa ya ci kai tsaye, wani ɓangare ne na narkar da abincinsa, to idan ciwon gaɓoɓi ya hana shi lanƙwasa sai kashin ya manne a gashi. Lokacin zafi ƙudaje su yi ƙwai a wurin, kafin kwana ɗaya tsutsa ta fara cin nama. Sau da yawa maganin rage zafin ciwo, irin meloksikam, shi kaɗai ke mai da zomon da aka ɗauka "ya zama ƙazami" mai tsabta.

Sai riga-kafi. Akwai allurar da ake yi duk shekara, Nobivac Myxo-RHD PLUS, tana kare shi daga cutar miksomatosis da nau'i biyu na cutar zubar jini ta RHD. Miksomatosis ta shigo Birtaniya a 1953 ta kusa ƙarar da zomayen daji, har yau kuma sauro da ƙuma na yaɗa ta, don haka zaman cikin ɗaki ba kariya ba ne. Babu mai hankalin da zai kawo zomo marar riga-kafi kusa da nasa.

Maganar dandaƙa da cire mahaifa ita ce mai nauyi. Zomanyar da ba a cire wa mahaifa ba tana cikin haɗarin kansar mahaifa sosai idan ta haura shekara huɗu, kuma da wuya a haɗa ta zama lafiya da wani zomon. Namijin da ba a dandaƙe ba yana fesa fitsari yana kuma hawan duk abin da ya gani. Shekaru kaɗai ba sa hana tiyata; likita ne zai auna zuciya da jini ya ce a yi ko a bari. Idan za a yi, kada ka hana shi abinci daren jiya kamar yadda ake yi wa kare. Zomo ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son tsayawa. Bayan dandaƙa a jira mako shida kafin a kai shi kusa da mace. Na san kuɗi ne, kuma za ka ce dabbar da zan rabu da ita me zai sa in kashe mata. Amma wannan kuɗin shi ke buɗe ƙofar da zan yi magana a kanta yanzu.

Gidan da aka yi rashi

Yawancin masu neman gida ga tsohon zomo suna nufar iyali masu ƙananan yara. Ni a ganina wannan ce ƙofa mafi tauri. Yara suna son abin da za su ɗauka su runguma, zomo kuwa ba ya son ƙafarsa ta bar ƙasa, balle mai ciwon baya. Gidan da ke neman tsoho da gaske shi ne gidan da ke da zomaye biyu, ɗaya ya mutu.

Zomo dabba ce ta zaman tare. Wanda ya rasa abokin zamansa na shekaru sai ya rage cin abinci, ya zauna a lungu, wani ya yi ta zagaye yana shinshina inda ɗayan ke kwanciya. Mai shi na kallo hankalinsa a tashe. Ba ya son ɗauko ɗan ƙaramin zomo, don yaro mai tsalle zai gallabi tsohon, ga kuma lissafi: idan ya ɗauko mai wata shida, nan da shekara biyu tsohon ya mutu, an koma gidan jiya, sai a sake nemo wani, abin ba ya ƙarewa. Abin da yake so tsara ne, wanda za su ƙarasa tare. Mutumin nan yana da wuri a shirye, yana da likita, ya san ciyawa, shekara shida ko bakwai kuma ba ta ba shi tsoro, ita ma yake nema. To tallarka da shi za ta yi magana. A layin farko ka rubuta jinsi, shekaru, an dandaƙe ko an cire mahaifa, riga-kafi na nan daram, kuma "yana neman abokiyar zama".

Wata dattijuwa Baturiya ta zo mana da wannan buƙata, zomanyarta ta rasa miji ta ƙi cin komai sai ganyen faski. A lokacin ina riƙe da wani ƙaton fari mai jajayen idanu, irin da mutane ke wucewa ba sa waiwaye, wasu ma su ce idon na ba su tsoro. Ya daɗe ƙwarai a hannunmu. Na ce mata, "Mama, ba kyakkyawa ba ne, amma ba shi da faɗa." Ta ce ai ba ita za ta zauna da shi ba, a tambayi mai ɗakin. Muka shimfiɗa tsohon bargo a banɗakina, muka zuba ciyawa tuli guda, muka sa su. Zomanyar ta bi shi da gudu zagaye biyu ta cizgo gashi cike da baki. Shi kuwa ya tsaya ya ci gaba da tauna kamar ba da shi ake ba. Can sai ta matso ta cusa kanta ƙarƙashin haɓarsa ta lafe. Wannan a wurin zomo umarni ne: lashe ni. Ya ɗan yi jim, sannan ya fara lasar goshinta. Dattijuwar ta kama hannuna ta matse.

Ba kullum ake dacewa haka ba, don haka ga yadda ake haɗin. Namiji da mace, dukansu an yi musu aiki, shi ne haɗin da ya fi sauƙi. Wurin ya zama wanda babu ɗayansu da ya taɓa taka shi. Kai baƙo cikin ɗakin zomanya kai tsaye kamar a sauke amarya a ɗakin uwargida ne ba sallama. A fara da ƙaramin fili, ba akwati mai ƙofa ɗaya da wani zai tare, ciyawa da yawa a tsakiya. Bin juna, hawan juna da ɗan cizgar gashi duk cikin shawara ne, ana tantance waye babba. Abin da ake rabawa nan take shi ne idan suka dunƙule suna juyi suna cizo, ko namiji ya hau ta wajen kai, don ana iya cizonsa mummunan wuri. Ka sa safar hannu mai kauri ka riƙe tawul. Tsofaffi suna gajiya da wuri, a kula ko dukansu na ci suna kashi. Idan sun fara kwanciya jiki da jiki suna lasar juna, an kama hanya, daga nan kuma kada a sake raba su, ko asibiti za a kai ɗaya a tafi da biyun. Wani haɗin kwana kaɗan ne, wani makonni. Cibiyoyi da yawa suna yin wannan aiki da kansu, su riƙe zomayen har su saba, kuma ga wanda bai taɓa yi ba wannan ya fi.

Idan kuwa naka biyu ne da suka riga suka shaƙu, tare za su tafi. Jiran zai fi tsawo, amma raba su don a yi saurin samun gida zalunci ne.

Hoto da abin da za a rubuta

Ka kwanta a ƙasa ka ɗauki hoton daidai tsayin idonsa, da hasken rana, ba ta bayan wayar keji ba. Baƙin zomo a kan farin tawul, fari a kan abu mai duhu. Gajeren bidiyo yana cin ganye ya fi hoto goma, don mai kallo zai ga da idonsa cewa haƙoran na aiki.

Ban da kuka a rubutun. "Talaka bawan Allah, babu mai son sa" yana jawo zuciyoyi da hawaye a Facebook, amma ba ya jawo mai ɗauka. Ka faɗi halinsa da abin da ka sani: yana bahaya a tire ba ya kuskure, ba ya cin wayar lantarki, yana zuwa da gudu idan ya ji ƙarar firji, ba ya son a ɗauke shi amma zai kwanta kusa da ƙafarka a shafa masa goshi. Wannan ita ce ribar tsoho a kan yaro, halinsa ya riga ya zauna, abin da aka gani shi za a samu.

Ciwon ma ka rubuta, da sunansa da maganinsa da abin da yake ci a wata. Idan kansa ya ɗan karkace saboda ya taɓa fama da ƙwayar E. cuniculi, ka faɗa. Idan ana goge masa turame lokaci-lokaci, ka faɗa. Wanda aka ɓoye wa zai gano a ziyarar likita ta farko, ya dawo da zomon cikin fushi, zomon kuma ya sha wahalar tafiya biyu ya ƙara tsufa a banza. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai gaskiyar nema ciwon da ya san farashinsa ba ya korarsa.

Kada ka rubuta "kyauta". Cibiyoyi sun daɗe suna gargaɗin cewa zomon kyauta na iya ƙarewa a hannun mai ciyar da maciji ko mai horar da karnuka. Ka sa ɗan kuɗi, ko ka ce a bayar da gudummawa ga wata cibiya a nuna maka rasit. Kasuwar Facebook dai ta hana tallar dabbobi. Ka gwada ƙungiyoyin ceton dabbobi: rassan RSPCA na yankinka, da Blue Cross, wadda ke da tsarin da dabba ke zama a gidan mai ita har a samo mata sabon gida, da ƙananan cibiyoyin zomaye zalla. Ka kuma manna takarda a allon sanarwar asibitin dabbobi. Ma'aikatan wurin su ne suka fi kowa sanin wanda ya yi rashin zomo makon jiya.

Akwai wata hanya da ba a cika sani ba: riƙon dindindin. Wasu cibiyoyi kan ba da tsoho ko marar lafiya ga mai riƙo har ƙarshen ransa, su ci gaba da biyan kuɗin likita, shi kuma ya ɗauki abinci da kulawa. Ga ɗan fansho mai lokaci amma ba kuɗi, wannan ya dace. Ka tambaya, ba duka ke tallata shi ba.

Ka je ka ga gidan

Ko aƙalla a zagaya da kai ta bidiyo. Ma'aunin RWAF ga zomaye biyu matsakaita shi ne fili mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin mita 1, a buɗe musu dare da rana. Akurkin katako a ƙarshen lambu bai isa ba. Ga tsoho ka ƙara duba ƙasan: tayil da katako mai santsi suna wahalar da ƙugu, a shimfiɗa darduma ko kafet. Gefen tiren bahaya ya zama gajere, ko a yanke gefe ɗaya, don da yawa cikin waɗanda ake cewa sun "manta" tire kasa tsallakawa suka yi. Ruwa a kwano ya fi kwalba mai bututu. Zomon da ya saba da ɗumin ɗaki ba a fitar da shi waje tsakiyar hunturu, gashinsa bai yi kaurin da zai jure ba, a jira sanyi ya wuce.

Tambaya ɗaya nake yi wa kowa: me za ka yi idan ka tashi da safe ka ga bai taɓa abincinsa ba? Wanda ya ce zai jira gobe ya gani, ba na ba shi. Zomon da ya yi awa goma zuwa sha biyu bai ci ba bai yi kashi ba, hanjinsa ne ya tsaya, kuma asibiti ake nufa a ranar, ko Lahadi ce.

Ranar tafiya ka haɗa masa kayansa: abincin da ya saba na aƙalla mako biyu, buhun ciyawarsa, bargonsa ba a wanke ba, da ɗan abin cikin tirensa don ya ji warin kansa a sabon wuri. Canjin abinci a hankali ake yi, ana gaurayawa. Abincin nasa dai kusan kashi 85 cikin ɗari busasshiyar ciyawa ne, sai ganye, sai ɗan ƙwayoyin abinci kaɗan. Karas da tuffa kayan marmari ne, ba tuwo ba. Ka ba da katin riga-kafi da sunan asibitin da ke riƙe da tarihinsa, ka kira su ka ba da izini a tura wa sabon likita. A cikin mota akwatin ya sha ciyawa, a ɗaure shi da bel, ban da rana kai tsaye, don zafi ya fi sanyi saurin kashe zomo.

Kafin ku rabu ku rubuta yarjejeniya, ko da layi uku ne a saƙon waya, cewa idan haɗin bai yiwu ba, ko wani abu ya taso, gare ka ko ga cibiya za a dawo da shi, ba za a miƙa wa wani can ba. Idan kai ɗin barin ƙasar za ka yi, ka nemi cibiyar da za ta amince ta tsaya a madadinka tun kafin ka sayi tikiti. Washegari da safe ka kira ka tambayi abu biyu, ko ya ci, da kuma ko kashin da ke tire manya ne zagayayyu ko ƙanana busassu. Idan ƙanana ne, ka ce su kira likita kafin azahar.